Shaidar Iska: Yadda Aka Auna Abin da Ido Ba Ya Gani

Darasinmu na wannan mako ya shafi wata mas'ala ce daga ilmin falaki, wadda a zahiri kamar tatsuniya take, amma in an bi ta a hankali sai a tarar hujjarta a tsaye take. Mas'alar ita ce: ta yaya za a auna nauyin abin da ido bai taɓa gani ba, kuma ko haske ba ya fitowa daga cikinsa? Masana sun ce a tsakiyar manyan tarukan taurari akwai wani abu da suke kira baƙin rami, har ma suna faɗin nauyinsa da lissafi. Mai hankali ba ya karɓar irin wannan magana don kawai an faɗa, sai ya nemi shaida. To, mafi ƙarfin shaidun da aka gabatar a wannan shari'a ita ce iska, watau gas ɗin da yake kewaya wurin.

Bari mu fara da tushe. Taurarin da muke gani da dare, da Kaza da 'Ya'yanta da sauransu, har da ita kanta ranarmu, duk 'yan gida ɗaya ne. Suna cikin wani taro mai taurari fiye da miliyan dubu 100, wanda Larabawa suke kira Majarra. Mu a nan za mu kira irinsa garken taurari. Farin zanen nan mai kama da hayaƙi da yake ratsa sama a daren da babu wata, garkenmu ne muke hange daga ciki. Ban da namu akwai waɗansu garkuna da ba su ƙidayuwa. Abdurrahman as-Sufi, masanin taurari na ƙasar Farisa, ya ambaci ɗaya daga cikinsu a littafinsa na siffofin taurari wajen shekarar 964, ya kwatanta shi da ɗan gajimare. Sai a shekarun 1920 Edwin Hubble ya tabbatar da cewa ɗan gajimaren nan garke ne mai zaman kansa, can waje da namu. Haskensa yakan yi shekara miliyan 2 da rabi a hanya kafin ya iso mana, alhali kuwa gudun haske kilomita 300,000 ne a sakan guda. Tafiyar da haske yake yi a shekara ɗaya ita ake kira shekarar haske, kuma da ita za mu riƙa awo a wannan darasi.

Yawancin garkuna cibiyarsu shiru take. Amma akwai kaɗan da cibiyarsu take ruruwa kamar maƙera. A 1943 Carl Seyfert, wani masani a Amurka, ya bayyana waɗansu garkuna masu ɗigon haske mai tsanani a tsakiyarsu, da iska mai gudu ƙwarai a kewayensa. A 1963 kuma Maarten Schmidt ya gano cewa wani ɗigon haske da ake ɗauka tauraro ne, mai lamba 3C 273, nisansa ya wuce misali, saboda haka haskensa ya ninka na dukan garkenmu sau da yawa. Abin da ya ƙara ɗaure wa masana kai shi ne hasken irin waɗannan wurare yakan ƙaru ya ragu cikin 'yan watanni, wani lokaci ma cikin kwanaki. Abu kuwa ba ya iya sauya haskensa gaba ɗaya cikin lokacin da bai isa haske ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe ba. Ashe ke nan wutar da ta fi ta taurari miliyan dubbai daga wani ɗan lungu take fitowa.

A 1969 Donald Lynden-Bell na Ingila ya kawo bayanin da aka zauna a kansa har yau. Ya ce a cibiyar akwai baƙin rami, watau wurin da nauyi ya taru ya matsu har ƙarfin jansa ya kai matsayin da babu abin da yake kuɓuta daga gare shi, ko da haske ne. Shi ramin duhu ne. Wutar da ake gani ta iskar da take gangarawa gare shi ce, wadda take gogayya da junanta har ta yi zafi ta haskaka kafin ta faɗa. Irin wannan gangara tana iya mai da kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin iskar ya zama haske da zafi, alhali wutar da take ci a cikin rana ba ta kai ko kashi 1 cikin 100 ba. Bayani ne mai kyau, ya kuma dace da lissafi. Sai dai dacewa da lissafi daban, tabbata daban. Maganar ta zauna a matsayin zato mai ƙarfi har wajen shekara 25.

Hanyar fita daga zato tsohuwa ce. Duk abin da yake kewaya wani abu, gudunsa yana nuna nauyin abin da yake kewayawa. Dubi duniyoyin da suke kewaya rana. Wadda ta fi kusa, Uɗaridu, tana gudun kilomita 47 a sakan. Duniyarmu tana yin 30. Mushtari, da yake can nesa, 13 kaɗai yake yi. Ƙa'idar da take ƙarƙashin wannan, wadda Johannes Kepler na Jamus ya bayyana a 1619, ita ce in nisa ya ninka sau huɗu, gudu yakan ragu zuwa rabi. Amma a lura, wannan ƙa'ida tana aiki ne inda nauyin duk ya taru a tsakiya wuri ɗaya. In nauyin a warwatse yake, na nesa ba ya rage gudu haka. Saboda haka wanda ya san nisan mai kewaye da gudunsa ya san nauyin abin da yake tsakiya, ko ya gan shi ko bai gan shi ba, ya kuma san ko a dunƙule yake ko a warwatse.

Sauran aiki shi ne samun shaida mai adalci a kusa da ramin, kuma a nan ne wahala take. Cibiyar garke cike take da ƙura, ƙura kuwa tana tare haske kamar yadda hazo yake tare rana. Iska mai tsananin zafi kuma ba abin dogara ba ce, domin ban da jan ramin akwai guguwar haske da sauran abubuwa da suke ingiza ta nan da can, sai shaidarta ta rikice. Wadda ta fi natsuwa ita ce iskar da ƙwayoyin zarrarta suka haɗu bibbiyu ko uku-uku suka zama ɗan dunƙule. Irin wannan haɗuwa ba ta yiwuwa sai inda akwai sanyi da kauri da inuwa, don zafi mai yawa yana raba su. A manyan gizagizan wannan iska sanyi yakan kai awo 260 ƙasa da daskarewar ruwa, kuma daga cikinsu ne ake haihuwar sababbin taurari. Da yake tana da kauri da sanyi, tafiyarta a tsare take. Muryarta kuma ta igiyar rediyo take zuwa, igiyar rediyo kuwa ba ruwanta da ƙura. Kowa ya san hazo yana hana ganin gari, amma bai taɓa hana akwatin rediyo magana ba.

Mafi yawan wannan iska haidurojin ce, wadda in tana cikin sanyi bebiya ce, ba ta fitar da komai da za a ji. Sai aka koma ga abokan tafiyarta. Akwai kabon monoksayid, ita ce dai iskar nan mai guba da take tashi daga gawayi a rufaffen ɗaki; an fara jin muryarta a sararin sama a 1970. Ba ta da yawa, wajen ƙwaya ɗaya ce cikin 10,000, amma duk inda take akwai haidurojin. Akwai kuma tururin ruwa, ruwan nan dai da muka sani, wanda aka ji a 1969. Kowace irin ƙwaya tana da muryarta da ba ta canzawa. Ta ruwa tana kaɗawa sau miliyan 22,235 a sakan guda.

Yaya murya za ta nuna gudu? Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da hanyar jirgin ƙasa ya san amsa. Sa'ad da jirgi yake tahowa yana busa, kukan yakan yi siriri. Da ya wuce sai ya yi kauri. Christian Doppler na Ostiriya ya bayyana dalilin wannan a 1842, kuma hukuncin ɗaya ne ga haske da igiyar rediyo. Iskar da take nufo mu muryarta tana ɗagawa sama da yadda aka san ta, wadda take ba mu baya kuma tata tana sauka. In tururin ruwa yana gudun kilomita 1,000 a sakan, muryarsa takan goce da kashi 1 cikin 300, kuma wannan gocewa na'ura tana auna ta ba tare da wahala ba.

Yanzu sai mu zo ga shaidar da ta yanke hukunci. Akwai wani garke mai lamba NGC 4258, wanda Pierre Méchain na Faransa ya gano a 1781. A 1984 aka ji muryar ruwa daga cibiyarsa da ƙarfin da ya wuce ƙima. Dalilin ƙarfin kuwa shi ne zafin cibiyar yana ɗumama tururin ya cika shi da kuzari, har ya zama in ƙwaya ɗaya ta yi kira, sai na gabanta su amsa da murya iri ɗaya zuwa fuska ɗaya, kamar 'yan amshi, kiran yana ƙaruwa yana tafe. Masana suna kiran wannan meza. Amfaninsa shi ne yana mai da gizagizan tururi su zama kamar ƙananan fitilu, kowace da wurinta da gudunta. A 1993 Naomasa Nakai da abokan aikinsa suka ba da labarin cewa da babban kwanon sauraron sama na Nobeyama a Japan, mai faɗin mita 45, sun ji waɗansu muryoyin biyu a gefe da gefe: ɗaya tana nufo mu da gudun wajen kilomita 1,000 a sakan, ɗaya tana gudunmu da kamar haka.

Ji kaɗai bai isa ba, sai an san inda kowace fitila take. Wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, don duk wurin da ake magana a kansa bai fi kwabo da aka ajiye a nisan kilomita 300 girma a ido ba. An yi sa'a a lokacin an gama kafa VLBA a Amurka, watau kwanoni 10 masu faɗin mita 25 kowanne, jere daga tsibirin Hawai har zuwa tekun Karibiyan, suna aiki tare kamar ido ɗaya mai faɗin fiye da kilomita 8,000. Da shi Makoto Miyoshi da abokansa suka duba, suka bayyana sakamako a 1995. Fitilun nan ashe a jere suke a kan wani siririn faifai da muke kallo ta gefensa, ya ɗan karkace kamar faifan da ya kwana biyu a rana. Na bakin ciki, waɗanda nisansu da tsakiya bai kai rabin shekarar haske ba, suna gudun wajen kilomita 1,080 a sakan. Na bakin waje, masu kusan ninki biyu na wannan nisa, suna yin wajen 770.

Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya gwada da kansa. Bisa ƙa'idar Kepler, in nisa ya ninka sau biyu, sai a raba gudu da 1.4. Raba 1,080 da 1.4, abin da zai fito 771 ne. Na tsakatsaki ma kowace ta zauna daidai inda lissafi ya ce ta zauna. Ma'ana, nauyin a dunƙule yake a tsakiya, kuma yawansa ya kai na rana sau miliyan 40 ko kusa da haka.

In mai tambaya ya ce, me zai hana ya zama taron taurari ne masu duhu suka cunkushe a wurin? Sai mu ce masa ya tuna tauraron da ya fi kusa da ranarmu yana nisan fiye da shekarar haske 4. A nan kuwa ana maganar nauyin rana miliyan 40 a filin da bai kai rabin shekarar haske ba daga tsakiya zuwa baki. In da taurari ne, da sun yi ta karo da juna suna haɗewa, ko su yi ta fatali da juna waje, taron ya watse cikin lokaci kaɗan in an gwada da shekarun garken. A ganina wannan ita ce mafi tsabtar hujja da aka samu a wancan zamani, kuma ba ta buƙatar komai sai ƙa'idar da aka sani tun ƙarni na 17.

Wata riba ta biyo baya wadda ba ita aka fita nema ba. Fitilun da suke gilmawa ta gabanmu, tsakaninmu da ramin, gudunsu yana sauyawa da wajen kilomita 9 a sakan kowace shekara, saboda suna kan lanƙwasa. Daga gudu da wannan sauyi ana fitar da ainihin faɗin faifan da kilomita. In ka san ainihin girman abu, ka kuma san yadda ya ƙanƙance a idonka, ka san nisansa. Awon da Mark Reid da abokansa suka bayar a 2019 ya sa garken a nisan shekarar haske kusan miliyan 25, da kuskuren da bai wuce kashi 1 da rabi cikin 100 ba. Da wannan nisa ake daidaita ma'aunan da ake gwada faɗaɗar sararin sama gaba ɗaya.

To, an auna ramin. Amma akwai wani kuskure da ya yaɗu a bakin jama'a, cewa baƙin rami yana zuƙe duk abin da ya kusance shi. Fitilun nan da kansu sun ƙaryata wannan, ga su nan suna kewaye, zagaye ɗaya yana cin shekara 800 ko fiye, ba su faɗa ba. Dutsen da yake cikin majajjawa igiya tana jansa zuwa hannu, amma muddin yana juyawa ba zai taɓa hannun ba. Haka iskar take. Kafin ta gangara sai ta rasa ƙarfin juyinta, ta miƙa shi ga wata iskar ta hanyar gogayya ko karo. Ashe ciyar da baƙin rami abu ne mai wuya, kuma shi ya sa yawancin garkuna cibiyarsu take shiru. Namu garken ma yana da rami mai nauyin rana miliyan 4, amma kusan da yunwa yake kwana.

Wanda ya fi nuna yadda abincin yake isa shi ne NGC 1068, ɗaya daga garkunan Seyfert. Tun 1985 Robert Antonucci da Joseph Miller suka nuna cewa ainihin wutar cibiyarsa a ɓoye take, abin da yake iso mana waiwayen haskenta ne, kamar mai ganin hasken fitila a bango alhali fitilar tana bayan ƙyaure. Suka ce lalle akwai wani kauri na iska da ƙura da ya kewaye ta, siffar gammo, mu kuma ta gefensa muke kallo. Bayan wajen shekara 30 aka ga gammon a fili. Abin da ya gan shi ALMA ne, kwanoni 66 da aka kafa a kan tudu mai tsawon mita 5,000 a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, inda bushewar sama take barin gajerun igiyoyin rediyo su sauko. A 2016 Santiago García-Burillo da abokansa suka fitar da hotonsa. A 2019 kuma Violette Impellizzeri da nata abokan suka ba da wani labari mai ban mamaki: iskar da take nisan shekarar haske 2 zuwa 4 daga ramin tana juyawa ta fuska ɗaya, wadda take daga 4 zuwa 22 kuma tana juyawa ta kishiyar fuskar. In haka ne, inda biyun suka haɗu dole a yi karo, juyin wannan ya kashe na waccan, iska ta zube ciki da yawa. Masana sun yi saɓani a nan, waɗansu sun ce iskar da wutar cibiya take korowa waje ce ta sa motsin ya yi kama da haka. Ko wace fassara aka ɗauka, gammon nan ba a zaune yake ba, a hargitse yake.

Lissafin shiga da fita kuwa an yi shi ne a garken Circinus, wanda yake sararin kudu, nisan shekarar haske wajen miliyan 13. A 2023 Takuma Izumi na Japan da abokansa suka bi iskar da ALMA har zuwa 'yan shekarun haske daga ramin. Suka tarar faifan ya yi nauyi har ya kasa riƙe kansa, yana tsinkewa gutsi-gutsi, iska tana kwarara ciki. Da suka gwada yawan wadda take kwarara da yawan wadda ake bukata don hura wutar da ake gani, sai suka ga mai kwarara ta ninka wajen sau 30. Watau abin da ramin yake haɗiya bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Sauran fa? Hasken cibiyar ne yake tura ta sama da ƙasan faifan. Amma mafi yawanta gudunta bai isa ta tsere ba, sai ta sake zubowa a kan faifan ta koma layi. Duk wanda ya ga mace tana bakace ya ga misalin wannan: tsaba ta tashi ta dawo kan faifai, ta sake tashi ta sake dawowa, ɗan abin da iska take ɗauka ya tafi kaɗan ne.

Akwai kuwa inda iskar take ɗaukar da yawa. A garken Markarian 231, wanda wutarsa ta fi ta Circinus nesa ba kusa ba, Chiara Feruglio da abokanta sun auna kabon monoksayid da kwanonin Plateau de Bure a tsaunukan Faransa a 2010. Suka tarar iska tana ficewa da gudun ɗaruruwan kilomita a sakan, kuma kiyasinsu shi ne abin da yake fita kowace shekara ya kai nauyin rana 700, fiye da abin da garken yake mayarwa taurari a shekarar. Mun riga mun ce daga wannan iska ake haihuwar taurari, kuma ita ce dai abincin ramin. In fitar ta ci gaba a haka, cikin shekaru miliyoyi kaɗan rumbun tsakiyar garken zai ƙare, haihuwar taurari ta tsaya a wurin, wutar cibiyar ma ta rasa abin ci ta lafa.